Beguwa, Kotoko da Porcupine: Tarihin Sunan Dabba Ɗaya a Zangunan Akra

1.0 Gabatarwa

Ilimin asalin kalma fanni ne da ɗalibai kan ɗauka da sauƙi, domin kowa na iya duban kalmomi biyu masu kama da juna ya ce ɗaya ce ta haifi ɗaya. Amma fannin yana da ƙa'idoji, kuma wanda bai kiyaye su ba zai koyar da tatsuniya da sunan tarihi. Wannan takarda za ta ɗauki dabba guda, wato beguwa, ta bi diddigin sunaye uku da ake kiran ta da su a unguwannin zango na birnin Akra, irin su Nima da Maamobi. Akwai beguwa ta Hausa, da kotoko ta harshen Akan, da porcupine ta Ingilishi wadda yara ke haɗuwa da ita a makarantar boko.

Dalilin zaɓen Akra shi ne, a can ne waɗannan sunaye uku ke zaune a bakin mutum ɗaya, kuma ba su da ƙarfi daidai. Ɗaya tana da makaranta da jarida, ɗaya tana da sarauta da ƙwallon ƙafa, ta ukun kuwa gida kawai take da shi. Manufar takardar ita ce a nuna wa ɗalibi yadda ake fiɗar kalma da hujja, da kuma yadda tarihin jama'a ke yanke wa kalma hukuncin rayuwa ko mutuwa.

2.0 Dabbar da Ake Magana a Kanta

Kafin a nazarci suna, wajibi ne a san mai sunan. Beguwa dabbar daji ce daga dangin ɓera da gafiya da kurege, wato masu haƙoran gaba na gwaigwaya. Irin da aka sani a ƙasar Hausa da arewacin Gana shi ne wanda Linnaeus ya raɗa wa suna Hystrix cristata a shekarar 1758. Ana samun ta daga Senegal zuwa Habasha da Tanzaniya, da Afirka ta Arewa, har da ƙasar Italiya. Babba takan kai kilo 27, wasu ƙayoyinta kuma kan haura santimita 30. Da rana tana cikin rami ko kogon dutse, da dare take fita ta tono saiwoyi da rogo da dankali, shi ya sa manoma ba sa shiri da ita.

Idan aka tsokane ta, sai ta miƙe ƙayoyinta, ta kaɗa na wutsiya waɗanda ke da rami a ciki su yi ƙara, sannan ta afka wa maƙiyi da baya-baya. Ƙayoyin suna saurin cirewa, su maƙale a jikin wanda ya taɓa su, daga baya wasu su tsiro mata. Daga nan ne aka sami camfin cewa tana harba ƙaya kamar kibiya. Ba ta harbi, amma wannan camfi ya yi tasiri a tarihin da za mu gani a gaba.

Ya kamata kuma a bambanta ta da bushiya. Bushiya 'yar ƙarama ce, abincinta ƙwari, kuma dunƙulewa take yi idan ta ji tsoro. A rabe-raben masana dabbobi ba danginsu ɗaya ba. Hausa ta raba su da suna tun asali, haka ma Larabci yana da ƙunfuz ga bushiya, da shaiham ko duldul ga beguwa. Kalmar duldul ita ce sunan alfadarin da Muƙauƙis na Masar ya aika wa Annabi (SAW) kyauta.

3.0 Asalin Kalmar Porcupine

Tarihin wannan kalma a rubuce yake, don haka da ita za mu fara. Ta shiga Ingilishi wajen shekarar 1400 daga tsohon Faransanci, inda ake cewa porc espin. Kalmomi biyu ne na harshen Latin aka haɗa: porcus, wato alade, da spina, wato ƙaya. Ke nan ma'anarta ta asali ita ce alade mai ƙaya. Italiyanci na da porcospino a kan wannan ƙira.

Da yake masu magana da Ingilishi ba su san sassan kalmar ba, sai ta yi ta sauya kama a bakinsu na tsawon ƙarni biyu ko fiye. An rubuta ta da siffofi iri-iri, ciki har da porkepyn da porpentine, kuma wannan ta biyun ce Shakespeare ya yi amfani da ita. A Faransanci ma ƙarshen kalmar ya sauya, ta zama porc-épic, saboda masu harshen sun jingina ta da aikatau piquer mai ma'anar soka. Wannan misali ne na yadda jama'a kan gyara kalmar da ba su gane ba domin ta dace da wadda suka sani.

Turawa da dama sun bi hanyar alade. Jamusanci na cewa Stachelschwein, aladen ƙaya. Harshen Afirkans na Afirka ta Kudu na cewa ystervark, aladen ƙarfe, kamar yadda ya kira dabgi aardvark, aladen ƙasa. Ko hedgehog ta Ingilishi, wato bushiya, aladen shinge ne. Sinawa ma da kalmar alade suka gina nasu sunan. Alhali kuwa, kamar yadda aka ambata, beguwa ba ta da dangantaka da alade. Gurnaninta da siffar jikinta da tonon ƙasa ne suka jawo kamancen.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Da ita ya sami raƙumin dawa da jakin dawa da giwar ruwa da karen ruwa, wato ya ɗauki sunan dabbar da ya sani ya ƙara mata bayani. Sau da yawa harɗaɗɗen suna irin wannan kan nuna cewa dabbar ba ta cikin rayuwar yau da kullum ta masu harshen. Sai dai ba kullum ba, domin mugun dawa suna ne na sakaye ga gadu, wanda Bahaushe ya sani sarai.

Camfin harbi kuwa tsoho ne a Turai. Aristotal na Girka da Pliny na Rum duk sun rubuta shi a matsayin gaskiya. A shekarar 1394 Louis, hakimin Orleans, ya kafa ƙungiyar jarumai mai tambarin beguwa, sannan jikansa Louis na 12, wanda ya mulki Faransa daga 1498 zuwa 1515, ya mai da ita tambarinsa, da kirarin cewa yana kai hari kusa da nesa. A riƙe wannan, domin za mu sake ganin irinsa a Kumasi.

4.0 Kalmar Beguwa a Hausa

4.1 Ƙirar kalmar

Beguwa ba harɗaɗɗiyar kalma ba ce. Ba a iya tsaga ta gida biyu a sami kalmomi masu cin gashin kansu kamar yadda aka yi wa porcupine. Ta wannan fuska tana sahun zaki da kura da giwa da zomo, sunayen dabbobin da Bahaushe ya daɗe yana zaune da su. Tana cikin ƙamus ɗin Bargery na 1934 da na Abraham na 1949, kuma jinsinta tamata ne: beguwa ta fito, beguwar nan, beguwa ce. Ana iya gina mata jam'i bisa ƙa'idar maimaita baƙin ƙarshe, a ce beguwoyi, kamar bushiya da bushiyoyi.

Duk da haka, ƙarshen kalmar na ɗauke da tarihi. A wata maƙala da ya buga a 1979, Paul Newman ya kawo hujjar cewa a tsohuwar Hausa sunayen tamata ba dole ne su ƙare da wasalin a ba. Daga baya ne aka riƙa liƙa musu ɗafa-ƙeya domin jinsinsu ya fito fili, har aka wayi gari kusan duk sunan tamata yana ƙarewa da a. Ƙa'idar kuwa ita ce wadda har yau ake gani wajen samar da tamata daga namiji:

(a) Kalmar da ta ƙare da o ko u takan koma -uwa: baƙo da baƙuwa, tsoho da tsohuwa, gurgu da gurguwa, huntu da huntuwa.

(b) Kalmar da ta ƙare da e ko i takan koma -iya: bebe da bebiya, mahaifi da mahaifiya.

Kinin wasalin w ko y da ke tsakiya gada ce kawai, domin Hausa ba ta yarda wasula biyu na gaɓoɓi daban su haɗu kai tsaye ba.

Shaidar cewa wannan ɗafi ya shiga har cikin sunayen da ba su da takwaran namiji tana nan a bakinmu. Muna cewa gaskiya, amma da gaske. Muna cewa safiya, amma da safe. Muna cewa zuciya, amma a zuci. Jam'in tunkiya tumaki ne, na kibiya kibau, kuma babu -iya a cikinsu. Wato gajerun siffofin ne suka adana tsohuwar saiwa. A ɓangaren -uwa, misali mafi kyau shi ne kasuwa, wadda aka aro daga kasugu ta Barbarci, ita kuma daga suƙ ta Larabci. Kalmar ta zo da wasalin u a ƙarshe, Hausa ta sa mata rigar mata.

Bisa wannan ƙa'ida, ana iya sake gina tsohuwar siffar beguwa a matsayin *begu ko *bego, ta bushiya kuma *bushi ko *bushe. Tauraron da ke gaban kalma alama ce da masana ke sa wa siffar da aka gano ta hanyar ƙa'ida, ba wadda aka tsinta a rubuce ba. Ɗalibi ya saba da sa wannan alama, domin ita ce ke raba abin da aka ji da abin da aka ƙiyasta.

4.2 Tarkon kamanni

Da ganin *begu, wani zai yi saurin cewa daga bege take, ya ƙirƙiro labarin da zai haɗa dabbar da begen masoyi. Wannan shi ne kuskuren da aka yi gargaɗi a kansa tun farko. Kafin a ce kalma ta fito daga wata, ana bukatar abubuwa uku: sauye-sauyen sauti da ke bin ƙa'idar da aka gani a wasu kalmomi, da dangantakar ma'ana da hankali zai ɗauka, da hanyar tarihi da ta haɗa su. A Hausa kuma dole a auna tsawon wasali da karin sauti, waɗanda rubutun yau da kullum ba ya nunawa. Bege da beguwa ba su da wata mahaɗa ta ma'ana, saboda haka kamancensu ba hujja ba ce.

Haka nan idan aka waiwayi maƙwabta, Fulatanci na da sangalde, Yarbanci na da oore. Babu wadda ta yi kama da beguwa, balle a ce daga cikinsu aka aro ta.

5.0 Yadda Hausa ta Isa Akra

Zango a Hausa shi ne wurin da ayari ke yada kaya ya kwana. Fataken goro ne suka kai kalmar ƙasar Gwanja, inda kasuwar Salaga ta zama mahaɗarsu da mutanen Asante, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa. Su kan kawo kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su koma da goro. Turawan da suka ziyarci Kumasi, wato Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820, sun tarar da Musulmi masu faɗa a ji a fadar sarkin Asante.

Abubuwa uku ne suka karkato da wannan jama'a zuwa bakin teku. Na farko, yaƙin 1874 da Ingila ta ƙone Kumasi, wanda ya sassauta riƙon Asante a kan hanyoyin arewa. Na biyu, mayar da hedikwatar Gwalkwas, wato Gana ta yau, zuwa Akra a 1877, da kafa rundunar 'yan sandan da aka fi sani da ta Hausawa a 1879. Asalin rundunar daga dakarun da Glover ya tara a Ikko ne, kuma ba dukansu ne Hausawa ba, harshen ne ya haɗa su. Na uku, yaƙin basasar Salaga na 1892, wanda ya watsa 'yan kasuwa da malamai. Cikin waɗanda suka bar garin akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete Krachi har rasuwarsa a 1934. Da shi ne Bajamushe Adam Mischlich ya yi aikin nazarin Hausa, shi da ya buga ƙamus a 1906. Wato ƙasar Gana na da hannu a tarihin ƙamus na Hausa.

A Akra, Malam Naino na cikin shugabannin farko na tsohon zango da ke tsakiyar gari, ɗansa Malam Baƙo kuma ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Nima ta zo daga baya. A farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa, Bafulatani mai harkar shanu, ya sami filin daga iyalin Odoi Kwao na ƙabilar Ga. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu unguwar ta cika da tsofaffin sojoji da leburori da 'yan kasuwa, ta bazu har Maamobi. Mazaunanta sun haɗa da Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Mosawa da Dagombawa da Kotokoli da Wangarawa da Yarbawa, kuma Hausa ce ta zama harshen da kowa ke ji. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a watan Nuwamba na 1969 ta kwashe dubban mutane daga zanguna, amma harshen ya zauna.

Ko sunan Nima darasi ne ga mai nazarin asalin kalma. Mutanen zango kan danganta shi da ni'ima ta Larabci, mutanen Ga kuma kan ce daga Nii man yake, wato garin sarki. Kowane ɓangare ya zaɓi bayanin da ke ƙarfafa matsayinsa a wurin. A nan za a ga cewa gardama a kan asalin suna takan zama gardama a kan wane ne ɗan gida.

6.0 Kotoko: Beguwar Tonawa

A harshen Akan ana kiran beguwa kotoko, akwai kuma apese, wata ƙaramar 'yar'uwarta ta kurmi mai gashi a ƙarshen wutsiya. Bayanin da aka fi ji a baki shi ne cewa kotoko ta fito daga koto, durƙusa, da ko, yin yaƙi, wato mai yaƙi a durƙushe. Bayani ne mai daɗin ji, kamar wanda ke cewa sunan Asante na nufin saboda yaƙi. Sai dai a rubutun Akan wasulan sunan dabbar ba irin na waɗancan aikatau biyu ba ne, don haka ɗalibi ya ajiye shi a babin fassarar jama'a.

Abin da ke tabbas shi ne matsayin dabbar. Daular Asante, wadda ta tsaya da ƙafarta bayan Osei Tutu ya ci Denkyira da yaƙi a Feyiase a 1701, ta ɗauki beguwa a matsayin tambarinta. Ana yi wa daular kirari da Asante Kotoko, majalisar mashawartan sarki ma an kira ta da wannan suna a ƙarni na 19, kuma ana ƙera siffar beguwa a ma'aunan zinari na tagulla. Kirarin da ke tare da tambarin na cewa in ka kashe dubu, dubu za su zo, domin ƙayar da ta fita wata na maye gurbinta. Sarkin Faransa da sarkin Asante ba su kwaikwayi juna ba, kowannensu ya dubi dabba ɗaya ya ga jarumi. Bature ya ba ta sunan alade amma ya sa ta a tuta.

Dangantakar mutanen zango da wannan tambari tana da fuska biyu. Dakarun da ake kira Hausawa sun yaƙi Asante a ƙarƙashin Turawa a 1874 da kuma yaƙin Yaa Asantewaa na 1900. Bayan rabin ƙarni kuma sai ga jikoki a inuwa ɗaya. A watan Satumba na 1954 aka kafa jam'iyyar NLM a Kumasi, tutarta na ɗauke da itacen koko da beguwa, kuma jam'iyyar Musulmi ta MAP, wadda ƙarfinta ke cikin zangunan Akra da Kumasi, ta haɗa kai da ita wajen adawa da CPP ta Kwame Nkrumah. Wannan ƙawance ya zo da tsada. A 1957, 'yan watanni bayan samun 'yanci, gwamnati ta kori jagorori biyu na zangon Kumasi, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Larden, zuwa Nijeriya.

Amma ƙwallon ƙafa ne ya shigar da kalmar kowane gida. A 1935, shekarar da Turawa suka maido da haɗin kan masarautun Asante a ƙarƙashin Prempeh na 2, ƙungiyar ƙwallo ta Kumasi ta karɓi sunan Asante Kotoko da amincewar sarkin. Ta ci kofin zakarun Afirka a 1970 da 1983. Filin wasan Kumasi na ɗauke da sunan tsohon ɗan wasanta Baba Yara, wanda ya rasu a 1969. Babbar abokiyar hamayyarta ita ce Hearts of Oak ta Akra, wadda aka kafa a 1911, inda Mohammed Polo, ɗan Nima, ya yi suna. Nima gidan ƙwallo ce, a can Mohammed Kudus ya tashi. A turmutsitsin da aka yi a filin wasan Akra ranar 9 ga Mayu, 2001, bayan wasa tsakanin ƙungiyoyin biyu, mutum fiye da 120 suka rasu, da yawansu matasan Nima da sauran zanguna ne.

Kalmar na da nata tarkon. A gefen tafkin Cadi da kogin Logone akwai al'ummar da ake kira Kotoko, masu harsunan iyalin Cadi, wato dangin Hausa na nesa. Akwai kuma Kotokoli na ƙasar Togo, waɗanda ke da yawa a Nima, harshensu na iyalin Gur ne. Sunaye uku masu amo ɗaya, daga iyalan harsuna uku. Wanda ya haɗa su da beguwar Asante saboda amo kawai ya faɗa ramin da ya rufta da mai bege.

7.0 Halin Beguwa a Hausar Zango

Hausar Gana tana da siffofin da masu nazari suka lura da su, kuma uku daga ciki sun shafi batunmu.

Na farko, ɓacewar bambancin jinsi. A bakin masu magana da yawa, siffar namiji ce ke aiki ga kowa, sai a ji mace ya zo. Ana samun irin wannan a wani mataki a karin harshen Zazzau da na Bauchi. A irin wannan Hausa za a ce beguwa ya fito, beguwan nan. Abin lura a nan shi ne, ɗafin -uwa da aka liƙa wa kalmar tun da can domin ya bayyana jinsinta yana nan daram, amma aikin da aka kawo shi ya yi ya ƙare. Haka kasuwa ta zama sunan garin Kasoa da ke yamma da Akra, ɗafin na manne da ita a bakin mutanen da ba su ma jin Hausa.

Na biyu, raunin baƙaƙe masu hamza, inda ƙ kan koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b. Saboda haka ƙaya ta beguwa da kaya na ɗan dako sun rasa baƙin da ke raba su, tsawon wasali da karin sauti da muhallin magana ne suka rage.

Na uku, ganɗantawa, inda k kan koma c a gaban i ko e. Da haka aboki ya zama aboci, wake kuma ya zama sunan abincin nan da ake rubutawa waakye a duk faɗin Gana. Beguwa ta tsira daga wannan da na biyun, domin baƙaƙenta ba su cikin waɗanda abin ya shafa.

Ke nan barazanar da ke kan kalmar ba ta sauti ba ce, ta amfani ce. Kalmomin Hausa da suka yi ƙarfi a Gana su ne na abin da ake saye, ake ci, ake yi kullum: koko da ƙosai da fura da tuwon zafi da wahala da zango. Sunan dabbar daji kuwa yana rayuwa ne a bakin manomi da maharbi da mai tatsuniya. Yaron da ya tashi a lungunan Nima ko Maamobi ba ya zuwa gona, balle ya ga ramin beguwa. Hotonta yake gani a rigar 'yan ƙwallo, a can sunanta Kotoko, yakan kuma gan ta a littafin makaranta da sunan porcupine. Inda tsohon sunan ke da sauran mafaka shi ne wajen dattawan da suka zo daga arewa, da masu sayar da kayan maganin gargajiya waɗanda ke baje ƙayoyinta, da mata masu amfani da ƙayar wajen tsaga kitso da tsifa.

Kotoko ma ta biya nata farashin. Ga mai sauraron sharhin wasa, ƙungiya ce take fara zuwa zuciyarsa kafin dabba. Wannan shi ne abin da ake kira sauyin ma'ana, inda sabuwar ma'ana ke danne ta asali.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi sunaye uku na dabba ɗaya. An ga cewa porcupine harɗaɗɗiyar kalma ce daga Latin, mai ma'anar alade mai ƙaya, wadda ta shiga Ingilishi ta Faransanci wajen 1400. An ga cewa beguwa kalma ce guda, kuma -uwa ɗafin tamata ne da ke nuna tsohuwar siffa *begu ko *bego. An ga kuma cewa kotoko ta tashi daga sunan dabba ta zama kirarin daula, da tambarin jam'iyya, da sunan ƙungiyar ƙwallo, kuma a kowane mataki mutanen zango na kusa.

Darasin ga ɗalibi guda biyu ne. Na farko, ya raba abin da aka tabbatar a rubuce, da abin da aka sake ginawa bisa ƙa'ida, da abin da jama'a ke faɗa don daɗin baki. Na ukun ma abin tarawa ne, amma shaida ce a kan tunanin masu faɗarsa, ba a kan asalin kalmar ba. Na biyu, kada ya ɗauki Hausar zango a matsayin gurɓatacciya da ba ta cancanci nazari ba. Kari ne da ya yi fiye da shekara 100 a bakin teku, kuma sauye-sauyen da ke cikinsa na bin ƙa'ida kamar na kowane kari.

Akwai aikin da ke jira. Ɗalibin da ya sami zuwa Akra, ko ma wanda ke Kano ko Zariya ko Maraɗi, zai iya ɗaukar hotunan dabbobin daji guda 20, cikinsu da beguwa da bushiya da dabgi da gadu, ya nuna wa kaka da uwa da jika a gida ɗaya, ya rubuta sunan da kowa ya ba shi da yadda ya furta. Abin da zai tarar a tsakanin amsar kaka da ta jika shi ne tarihin harshe tun bai shiga littafi ba.